Hannun Hagu na Rigar Bintu

Duk Nguru babu wanda bai san bakin Ya Kaltum mai ɗinki ba. Shekara arba'in tana taka keke a ɗakinta na unguwar Bulabulin, kuma a tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin aikin wani tela ta ce ya yi ba. In mace ta shigo da rigar da aka yi mata a Kano, sai Ya Kaltum ta juya cikin rigar waje, ta bi kalmasar da farce, ta miƙa mata abarta. Mai rigar da kanta za ta ji kunyar sake sa ta. Abin da ta fi tsana a duniya shi ne hannun riga ya saɓa da ɗan'uwansa. Ta taɓa farke rigar amarya ranar ɗaurin aure don hannun dama ya ɗara na hagu da faɗin ɗan yatsa, ana ta buga mata ƙofa, ba ta buɗe ba sai da suka zo daidai.

Haihuwa ɗaya ta yi, Zaituna, wadda ta yi aure a Gashua, ta rasu shekara uku da suka wuce ta bar yarinya ɗaya, Bintu. Ya Kaltum irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Tun daga ranar suna har ranar da aka kai Zaituna makwancinta, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. In tana kusa ta ce mata "ke", in tana nesa ta ce "waccan". Ranar rasuwar ma babu wanda ya ga hawayenta, sai gaisawa take da masu ta'aziyya kamar 'yar maƙwabta ce ta mutu.

Bintu tana hannun ubanta, Alamin, kuma sau ɗaya a shekara take kwana a Nguru. Wannan ɗin ma da dabara aka same shi. Duk watan azumi Alamin yakan ba direba tsohuwar rigar yarinyar a kawo awo, Ya Kaltum ta ɗinka kayan sallah, amma ba ta mayar da su. Ta kafa doka cewa ɗinkinta ba ya hawa mota, mai riga ita za ta zo inda rigarta take. Ta haka take samun jikarta mako guda cur. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma don makon nan take lissafa sauran watannin shekara.

Bana, ranar goma ga azumi, awon ya iso a leda kamar kullum. Sai dai an naɗe wata takarda a cikin rigar, hoto ne mai launi da aka buga a shagon kwamfuta. Ya Kaltum ta sa tabarau, ta duba, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa.

Wata halitta ce wai ita yarinya. Ido ya cinye rabin fuska, hanci ɗigo ɗaya, gashi shuɗi har gadon baya, ƙafafu kamar karan dawa. Tana riƙe da 'yar fitila a kan sanda. Rigar jikinta fara ce mai tattara hawa-hawa, da wani ƙaton ƙulli a ƙirji, siket ɗin kuwa ko gwiwa bai leƙa ba. Amma ba wannan ne ya ɗaga mata hankali ba. Hannun dama fari ne, gajere, a kumbure. Hannun hagu dogo ne har ya rufe yatsu, ruwan ƙasa, koɗaɗɗe, da faci a gwiwar hannu. An zagaye hannun hagun nan da jan biro har sau uku.

Ba ta gama jan tsaki ba waya ta yi ƙara. Alamin ne. Ya yi gaisuwar suruki mai tsawo, ya tambayi azumi, ya tambayi zafi, ya sake tambayar azumi, har ta gaji ta ce ya faɗi abin da ya kira ya faɗa.

"Ya, wai dama Bintu ce. Wannan rigar ta hoton take so bana."

"Wannan riga ce?"

"Katun ne na ƙasar Japan da yara suke kallo, 'Yar Fitila suke ce mata. Na ce a tsawaita siket ɗin, ta yarda. To amma ta ce in ba za a iya ba, akwai wani tela a nan Gashua da ya ce zai yi. Sai ta yi sallarta a nan." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya. "Na riga na yi mata alkawari, Ya. Ba ta cika roƙona abu ba."

"In ba za a iya ba," in ji Ya Kaltum. Ta maimaita a hankali don ya ji nauyin abin da ya faɗa. "Baban Bintu, ka ce mata ta zo ranar ashirin da bakwai ta gwada rigarta."

Ta ajiye wayar zuciyarta na tafasa. Namiji da gemunsa, 'yar shekara tara ke juya shi. Amma ƙarƙashin haushin akwai tsoro, kuma ta san da shi. In yarinyar nan ta yi sallah ɗaya a Gashua, ta biyu ma a can za ta yi.

Hoto ba ya nuna bayan riga, don haka dole ta nemi maƙwabciyarta Rahima, malamar firamare mai 'ya'ya uku, wadda aka ce tana da katun ɗin a wayarta. Wannan kaɗai ya isa ya rage mata daraja a idon Ya Kaltum. Ta same ta a tsakar gida tana tsince wake na buɗa-baki.

"Ke Rahima, an ce kina kallon 'yar tsana."

Rahima ta yi dariya ta shimfiɗa mata tabarma. "Wushe, sannu da zuwa, Ya Kaltum. Wallahi ina kallo, ba zan ɓoye ba. Ni ma da haka nake cewa. Ɗalibaina ne suka cika bayan littattafansu da zanenta, na ce bari in ga abin da ya hana su lissafi. Kashi ɗaya na ce zan kalla. Ranar shinkafata ta kama."

"Allah ya sawwaƙe. Kina jin yarensu ne?"

"Ana rubuta Turanci a ƙasa. Amma ko ba ki karanta ba za ki gane. Ai daɗin abin ke nan, ba sai kin san komai ba kafin ki fara. Ita ma yarinyar ba ta san komai ba, tare kuke koyo. Matsoraciya ce, kullum a makare take zuwa makaranta, ga saurin kuka. Amma in dodo ya taho zai cinye garinsu, ƙafafunta na rawa haka za ta fita."

"Ina mazan garin?"

"Ba sa ganin dodon. Yara mata ne kaɗai ke ganinsa."

"Gari ya lalace," in ji Ya Kaltum. "Nuna min bayan rigar in tafi, ina da aiki."

Rahima ta nemo wurin. Yarinyar mai gashi shuɗi ta ɗaga fitilarta sama, ta ƙwala ihu da harshensu, sai ta fara juyi a iska kamar ƙosai a cikin mai. Yadi ya dinga tahowa daga ko'ina yana manne mata, siket ya zo, ƙulli ya ɗaure kansa, takalmi ya hau ƙafa. A gefe wani kwaɗo kore yana tsalle yana surutu.

"Tsaya," in ji Ya Kaltum. "Wa ya auna ta?"

"Ba wanda ya auna ta, ai sihirin tatsuniya ne."

"Ba awo, ba alli, ba almakashi. Shi ya sa hannu ya fito ɗaya na biki ɗaya na makoki. Mutanen da aka ce su ke ƙera mota, sun kasa haɗa hannun riga biyu. Shi kuma wancan kwaɗon ubanta ne?"

"Shi ya ba ta fitilar. Amma Ya Kaltum, wannan hannun da kike magana, in kin kalli kashi na farko..."

"Ba zan ɓata azumina da kwaɗo ba."

"Ai hannun shi ne..."

"Malama, ɗinki za ki koya min? Yarinyar ma ta fi ki ido. Ta ga aibin, ta zagaye min shi da biro."

A nan Ya Kaltum take da gaskiyarta, irin gaskiyar masu sana'a. Shekara da shekaru mata na kawo mata hoton ɗinki, kuma duk inda aka zagaye da biro nufinsa ɗaya ne: a yi komai kamar yadda yake, ban da wannan. Wuyan da ya yi faɗi, tsagar da ta yi tsawo, su ake zagayewa. Rahima ta buɗe baki za ta sake magana, ta ga fuskar tsohuwar, ta mayar da kanta kan wakenta.

Ya Kaltum ta raina rigar, amma ba ta raina aikin ba. Ranar kasuwa ta zagaya rumfunan yadi cikin zafin da ke narkar da mutum, ta ƙi farin satin kala huɗu kafin ta yarda da na biyar. Ta ture ɗinkin matan manya gefe, suna ta aike tana cewa su yi haƙuri ko su kai Kano. Tattarar siket ɗin hawa biyar ta yi, ta sauke shi har idon sawu yadda 'yar mutunci za ta sa. Ƙullin ƙirjin da hannu ta ɗinke shi, ta sa masa tauri a ciki don kada ya langaɓe. Tana taka keke tana mita: wai a ce ita Kaltum, da tsufanta, tana kwaikwayon rigar da kwaɗo ya bayar. Da ta zo kan hannaye sai ta ninka yadin biyu ta yanke su tare, farare, kumburarru, ta auna su sau uku. Ta rataye rigar a ƙusa ta ja baya ta kalle ta, ta tabbata ta gyara wa mutanen Japan kuskurensu.

Ranar ashirin da bakwai da hantsi Alamin ya kawo Bintu. Ya tsuguna daga bakin ƙofa kansa a ƙasa, yarinyar kuwa ta shige da gudu ta faɗa jikin kakarta. Ta ƙara tsawo, ga wushiryar uwarta ta fara fitowa. Ya Kaltum ta ture ta da wasa.

"Ɗaga ni, sarkin ƙiriniya. Kin sa ni ɗinkin aljanu da bakin azumi. Ga abarki can."

Bintu ta juya ta ga rigar, ta yi tsalle ta dafe baki. Aka zura mata, aka ja zif, komai ya zauna ɗas. Ta yi juyi siket ya buɗe. Sai ta ɗaga hannuwanta don ta yi irin tsayuwar yarinyar hoton, idonta ya sauka a kan hannun hagu. Ta dubi na dama. Ta sake duban na hagu, ta shafa shi daga kafaɗa har inda ya ƙare, ta ci gaba da shafa fatar hannunta har wuyan hannu.

"Kin ga na gyara miki," in ji Ya Kaltum. "Wancan tsumman na cire shi."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da abin ya zo da sauƙi, don Ya Kaltum ta san yadda ake yi da kukan yara. Juya baya ta yi a zuge mata zif, ta cire rigar, ta ninke ta da kyau yadda aka koya mata, ta ɗora a kan keken.

"Na gode, Kaka. Ta yi kyau." Ta dubi ƙofa. "Baba, mu tafi gida."

"Wane gida? Ke, ba ga rigar da kika ce ba?"

"Ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce? Kwana goma sha bakwai ina kanta! Kin san matan da na kora saboda ke? A kan 'yar tsana mai idon faranti za ki raina min aiki?"

Bintu ta sa takalminta. Alamin ya yi ta ba da haƙuri yana kallon ƙasa, yana cewa yarinta ce, yana cewa ya yi alkawari, wataƙila bayan sallah su leƙo. Ya Kaltum ba ta raka su ko zaure ba. Ta zauna tana jin takunsu har ya ɓace. Tun farkon azumi ta sa an gyara ɗan gadon da yarinyar ke kwana, ta ɗinka masa sabon zanin gado. Ta ɗaga kai ta kalle shi.

Bayan azahar ta yafa mayafi ta shiga gidan Rahima ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Kunna min shirmen nan daga farko. Ina so in ga abin da ya fi ɗinkina."

Rahima ta shimfiɗa mata tabarma. Ta jingina wayar da tulu a inuwar rumfa, ta zauna gefe tana fassara.

Aka fara da wata waƙa mai zaƙi, Ya Kaltum ta ce kamar ana matse 'yan kyanwa. Aka nuno gari a bakin teku, gidaje tsaf, ta ce ƙarya ce, babu garin da ba shara. Aka nuno yarinyar tana gudu za ta makaranta da burodi a baki, ta ce ba tarbiyya. Aka nuno uwar yarinyar a wani ɗan shago tana gyaran fitilu, sanye da wata tsohuwar rigar aiki ruwan ƙasa mai faci a gwiwar hannu. A nan Ya Kaltum ta ƙara matsowa kusa da wayar.

Ba a daɗe ba uwar ta kwanta ciwo. Ba a nuna mutuwar ba, shagon kawai aka nuno a rufe, da rigar aikin a rataye a ƙusa. Washegari yarinyar ta tafi makaranta sanye da rigar uwarta, ta yi mata yawa, hannun ya rufe mata yatsu, yara na yi mata dariya. Sai dodon ya zo, wani baƙin hayaƙi mai haɗiye hasken gidaje. Sai ga kwaɗon da fitilarsa.

"Ga ɗan iskan nan," in ji Ya Kaltum, amma muryarta ta yi ƙasa.

Yarinyar ta ɗaga fitilar, haske ya naɗe ta, ya fara cinye tsofaffin kayan jikinta yana kawo sababbi. Ya cinye ƙirjin rigar uwar, ya cinye bayan, ya cinye hannun dama. Da ya zo hannun hagu sai ta damƙe shi da ɗayan hannunta, ta sa haƙori ta cije bakinsa, tana kuka tana girgiza kai. Kwaɗon ya yi tsalle yana faɗa.

"Me yake cewa?"

Rahima ta kafa ido a kan wayar, ta ƙi duban tsohuwar. "Ya ce ta saki, tsumma ne. Ya ce zai ɓata rigar. Ya ce duk waɗanda suka riga ta hannayensu iri ɗaya ne."

"Ita fa?"

"Ta ce to ya karɓi fitilarsa."

Hasken ya haƙura ya bar mata hannun. Haka ta fita ta fuskanci dodon, hannu ɗaya fari ɗaya ruwan ƙasa.

"Kashe," in ji Ya Kaltum. Ta miƙe tana gyara mayafi. "Shirme ne. Uwa ta mutu sai a kawo wa yarinya kwaɗo."

Haka ta faɗa, amma kunya ce ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta ji maganarta ta ɗazu, kalma da kalma, a bakin kwaɗo. Jan biron nan da aka zagaya sau uku ba cewa yake a cire ba. Yarinyar da ba ta cika roƙon abu ba ta roƙi abu ɗaya, ta nuna shi da iyakar ƙarfinta, ita kuma ta sa almakashi ta gyara mata.

Ta koma gida ta tura ƙofar ɗaki. A ƙarƙashin gado akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe. Lokacin da aka raba kayan Zaituna, aka ba dangi na dangi aka yi sadaka da saura, Ya Kaltum ta ce ba ta son ko ɗankwali, mutane suka yi ta yaba ƙarfin zuciyarta. Ba su san ta riga ta zare abu ɗaya daga kan igiyar shanya ta cusa a jakarta ba. Wata laffaya ce, dogon mayafin nan na naɗawa, ta zaman gida, ruwan ƙasa, ta sha wanki har ta yi laushi, da 'yar ƙunar garwashin turare a gefe ɗaya. Shekara uku tana ƙasan adakar, ba ta taɓa warware ta da rana ba. Ta fito da ita yanzu. Ƙamshin turaren wutan da humrar Zaituna yana nan bai tafi ba.

Ta daɗe zaune da ita a cinya. Ita ma ashe ta cije nata hannun rigar, ta ɓoye ba ta bari kowa ya gani ba. Kuma wannan ɗin shi kaɗai gare ta.

Ta ɗauko reza ta farke hannun hagun farar rigar, ɗinkin da ta auna sau uku. Ta shimfiɗa laffayar a kan tabarma, ta zaɓi gefen da ƙunar take, ta ja alli. Ta ɗauki almakashi. Ta yi bisimilla ta yanka. Ta yi hannun dogo yadda zai rufe yatsu, ta sa faci a gwiwar hannu da ɗinkin hannu manya-manya irin na wanda bai iya ba, tana yi ranta na sosuwa da munin abin. Da ta gama ta rataye rigar ta ja baya. A idonta na tela, ba ta taɓa fitar da abu mai muni irin wannan ba.

Ranar jajibere da sassafe ta karya dokarta, ɗinkinta ya hau mota. Ta zauna a tasha da leda a cinya har mota ta cika, suka bi ta Jajimaji, zafi na dukan rufin motar. Tun kwanakin zaman makoki ba ta sake taka gidan Alamin ba. Da ya buɗe ƙofa ya gan ta sai ya rasa inda zai sa kansa, ya tsuguna a nan bakin ƙofar yana lale, lale.

Bintu tana tsakar gida ana yi mata kitso. Telan Gashua ya yi mata wata riga, tana rataye a igiya, ya sa hannun hagu na sabon yadi ruwan ƙasa mai ƙyalli. Ya Kaltum ta yi mata kallo ɗaya ta ga kalmasar a karkace, amma yau ta haɗiye maganar. Ta miƙa wa yarinyar ledar.

"Ga tsummanki."

Bintu ta zaro rigar. Ta ga hannun, ta tsaya cak. Ta taɓa facin, ta taɓa 'yar ƙunar. Sai ta ɗaga shi a hankali ta kai hancinta, ta rufe ido. Mai kitson ta saki gashin da ke hannunta. Alamin ya gane yadin, ya juya fuskarsa ga bango.

"Kaka," in ji yarinyar, muryarta a cikin yadin. "Na waye?"

Ta sani. So take a faɗa. Ya Kaltum ta buɗe baki za ta ce na waccan ne, kamar yadda ta saba shekara talatin da ɗoriya. Ta dubi yarinyar da wushiryarta.

"Na Zaituna ne."

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ba bakinta ba.

"Sake faɗa, Kaka."

"Zaituna," in ji Ya Kaltum, hawayen da Gashua ba ta gani ba shekara uku da suka wuce suka zubo a tsakar gidan surukinta, gaban mai kitso, da rana tsaka. Ba ta goge ba.

Ana gama kitso Bintu ta haɗa jakarta, za ta bi kakarta Nguru. Ta kafe sai da rigar a jikinta za ta shiga mota. Kayan sallah ba a sa su kafin sallah, kowa ya san wannan, kuma Ya Kaltum ta fi kowa tsare shi. Amma da hannunta ta zuge mata zif.

A motar Nguru yarinyar ta yi ta ba ta labarin kashi na biyu da na uku, da ƙawayen 'Yar Fitila, da yadda kwaɗon ya zo ya gyara halinsa daga baya. Ya Kaltum ta ce ita ba ta yarda da shi ba har gobe. Kafin su kai Jajimaji barci ya kwashe Bintu, ta kife a jikin kakarta, dogon hannun ruwan ƙasa a miƙe a kan cinyar tsohuwar.

Wata mata mai ƙiba da ke gefensu ta daɗe tana satar kallon rigar. Daga ƙarshe ta kasa haƙuri, ta taɓe baki ta sunkuyo.

"Iya, ba don na shiga abin da ba ruwana ba, amma an cuce ku. Wane telan banza ne ya yi wa yarinya hannu daban-daban, ga faci, a rigar sallah?"

Ya Kaltum ta gyara bakin hannun ya rufe yatsun yarinyar sosai, ta ɗora tafinta a kai.

"Ni ce," ta ce.